Tsinken gilashi na SICM: dole sai na ƙanƙance bakinsa kafin in ga gashin ƙwayar halitta?

Bazazzagiya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga duk wanda hannunsa ya taɓa na'urar SICM ce, wato wadda ke zana siffar saman ƙwayar halitta da siririn tsinken gilashi, ko wanda ya saba jan tsinken gilashi don auna lantarkin ƙwayoyin halitta.

Ina karatun digiri na uku a nan Ingila. Ƙwayoyin da nake aiki da su sunansu A6, asalinsu daga ƙodar wani kwaɗon Afirka ne, Xenopus laevis. Ba su da fitina, ba sa neman zafin digiri 37 irin na ƙwayoyin mutum, sai su daɗe a kan na'ura cikin zafin ɗaki ba abin da ya dame su. Abin da nake bi a jikinsu shi ne 'yan gasun nan da ke tsirowa a samansu, maikurobilai, waɗanda kaurin kowanne bai fi nanomita 100 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). So nake in ga yadda suke sauyawa idan an zuba wa ƙwayar aldosteron, sinadarin da ke sa ƙoda ta riƙe gishiri. Kuma a raye nake son ganinsu, ba bayan an kashe an busar ba.

Shugaban ɗakin bincikenmu mutum ne mai son hoto tangaran. Da ya ga hotunan farko da na ɗauka da tsinken gilashin borosiliket sai ya ce sun yi dishi-dishi, in koma gilashin kwaz, in ja shi da leza har bakin ya kai nanomita 20. Na yi hakan, tun daga nan kuwa ban sake samun sukuni ba.

Cika tsinken da ruwan gishiri kaɗai aiki ne, kumfar iska ta maƙale a can ƙarshe ta ƙi fita. In Allah ya sa ya cika, a milibolt 200 abin da nake samu bai wuce nano-amfa 0.4 ba, shi ma yana ta rawa a kan allo. Hoton da ke fitowa duk ɗige-ɗige ne, wasu wurare su yi tsiri sama kamar akwai wani dogon abu a wurin, alhali na san babu. Ina ɗaukar fili mai maikuromita 20 (nanomita dubu 20 ke nan) a tsaye da kwance, ɗigo 256 sau 256, ya ci mini fiye da minti 20, a ƙarshe gasun su fito a mulmule, wasu a jaye kamar an shafa su da hannu. Sau da yawa ma ba a kai ƙarshen hoton, lantarkin ya yi ta raguwa har ya ɗauke, tsinke ya toshe ke nan.

To don Allah, ni ce ban iya ba, ko kuwa haka ƙaramin baki yake ga kowa? Kuma da gaske ne sai da nanomita 20 za a ga maikurobilai da kyau? Ina son in je masa da hujja, ba da ƙorafi ba.

Ɗan Fagge:

Wa alaikumus salam. Sannu da fama, ƙanwata. Na yi shekaru a kan wannan na'ura kafin in koma wani fannin, kuma duk abin da kika lissafa na san shi. Hannunki lafiya lau yake. Tsinken ne bai dace da aikin ba, kuma lissafin da ke cikin saƙonki ma ya isa hujja.

Raba maikuromita 20 gida 256. Kowane ɗigo ya kama nanomita 78. Wato tsinken naki yana tsallake nanomita 78 daga inda ya auna zuwa inda zai auna na gaba. Johannes Rheinlaender da Tilman Schäffer a Jamus sun yi lissafi a 2009 cewa SICM tana iya raba abubuwa biyu ne idan tazararsu ta kai kamar ninki uku na rabin faɗin ramin baki. Naki rami nanomita 20 ne, rabinsa 10, ninki uku 30. Kin sha wahala kin samo tsinken da ke raba nanomita 30, sannan kina taka ƙasa da taku mai 78. Kaifin da kika saya da tsada ba ya shiga hoton ko kaɗan. In kina son ki ci moriyarsa sai ɗigonki ya dawo nanomita 10 zuwa 15, a filin nan kuwa hakan na nufin ɗigo fiye da dubu a kowane gefe. Ki lissafa awoyin da kanki.

Bari in koma baya kaɗan saboda masu karantawa da ba su san abin ba, don na ga zauren nan akwai ɗaliban likitanci da yawa.

SICM ba ta amfani da haske, kuma ba gani take yi ba. Ana ɗaukar siririn bututun gilashi mai kaurin milimita 1, a narka tsakiyarsa a ja, ya rabu biyu, kowane ɓangare da tsini mai rami. A cika shi da ruwan gishiri, a zura masa wayar azurfa da aka lulluɓe da kuloraid, a sa wata irinta a cikin ruwan da ƙwayoyin ke kwance. Da an ba da ɗan ƙarfin lantarki tsakanin wayoyin biyu, sai ayon na sodiyam da kuloraid su riƙa wucewa ta ramin baki. Idan tsinin yana nesa da komai, suna wucewa ne a sake. Idan ya kusanci fatar ƙwaya, wadda ba ta barin lantarki ya ratsa ta, hanyar sai ta ƙuntata, lantarkin ya ragu. Kamar ki kusantar da bakin buta da tafin hannunki ne kina zuba ruwa: tun bai taɓa ba zubar za ta fara raguwa. Na'urar na jiran raguwar da ba ta fi rabin kashi ɗaya cikin 100 ba, da ta ji ta sai ta tsaya, ta rubuta tsayin wurin, ta janye. A lokacin tazarar da ke tsakanin gilashi da fata kusan faɗin bakin ne. Shi ya sa ake cewa ba ta taɓawa.

Paul Hansma da mutanensa a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara ne suka fito da ita a 1989, amma ta daɗe a ajiye ba ta yi kasuwa ba, sai da Yuri Korchev a Landan ya nuna a 1997 cewa za ta ɗauki hoton ƙwaya mai rai. A tsohon salon, tsinin yana tafiya ne a kwance dab da fata, in ya ci karo da gangare mai tsayi sai ya soke shi ko ya karye. Salon tsalle da kike amfani da shi yanzu, inda tsinin ke sauka daga sama a kowane ɗigo ya sake komawa, Pavel Novak da abokan aikinsa suka wallafa shi a mujallar Nature Methods a 2009, har suka nuna gasun da ke cikin kunne da rassan ƙwayoyin jijiya.

Yanzu ga inda ɗige-ɗigenki suka fito. Idan siffar tsinin ɗaya ce, turjiyar tsinke, wato yadda yake tare wa lantarki hanya, tana ƙaruwa ne daidai da yadda baki ya ƙanƙance. Tsinke mai rami nanomita 100 a ruwan gishiri irin na jiki yakan ba da wajen mega-om 100, a milibolt 200 sai ki samu nano-amfa 2. Rabin kashi ɗaya cikin 100 na wannan shi ne fiko-amfa 10 (nano-amfa ɗaya fiko-amfa 1,000 ne), kuma duk amfilifaya mai kyau za ta ji shi ba gardama. Naki mai 20 turjiyarsa ta kai mega-om 500, ga 0.4 ɗin da kike gani. Rabin kashi ɗaya nasa fiko-amfa 2 ne kacal. A saurin da na'urar ke sauraro, hayaniyar lantarkin da ke cikin wayoyi kaɗai tana iya kai wannan. Sai na'urar ta ɗauka ta iso fata alhali tana can sama cikin ruwa, ta rubuta tsayin ƙarya. Tsirin da kike gani ke nan. In kika ce bari ki ɗaga ma'aunin tsayawa zuwa kashi 2 ko 3 don ki tsere wa hayaniya, tsinin zai matso kusa sosai har ya fara danna fatar, gashi mai laushi kuwa ya kwanta. Kin rasa abin da ya sa aka zaɓi na'urar tun farko.

Ni da zan ba ki shawara, ki koma borosiliket, ki nemi rami tsakanin nanomita 60 zuwa 80, turjiya kamar mega-om 130 zuwa 170. Ki rage fili zuwa maikuromita 5 ko 6, ɗigo 128 sau 128. Kowane ɗigo zai kama wajen nanomita 40 zuwa 47, ya yi daidai da kaifin tsinken. Gasun za su fito ɗaya-ɗaya.

Tsohon Malami:

Malam Ɗan Fagge, bayaninka ya yi, amma ka bar ni in yi ɗan tsokaci, ni da na tsufa a gaban madubin ilektiron.

In har tsinken da ya fi zama lafiya yana raba nanomita 100 zuwa 150 ne kawai, to me aka ci? Madubin haske na yau da kullum iyakarsa kusan nanomita 200 ce, tun 1873 Ernst Abbe ya faɗi haka. Yanzu kuma an ƙetare wannan iyakar, sababbin dabarun madubin haske irin su STED da 'yan uwanta suna sauka ƙasa da 50, har aka ba Betzig da Hell da Moerner kyautar Nobel a 2014 a kan haka. Madubin ilektiron mai share sama kuwa zai nuna wa yarinyar nan kowane gashi da kaifin 'yan nanomita, cikin daƙiƙoƙi. Na san za ka ce sai an kashe ƙwayar. To a kashe mana. A ɗauki faranti shida, a zuba aldosteron, a tsayar da kowanne da sinadarin gulutaraldehaid mai sandarar da ƙwaya a lokaci daban, a jera hotuna. Haka muka yi aiki shekara da shekaru kuma ilimin da ke cikin littattafanku daga nan ya fito.

'Yata, ba ina kashe miki gwiwa ba ne. Amma ki tabbata tambayar bincikenki ce ke neman wannan na'urar, ba don tana nan a ɗaki an kashe kuɗi a kanta ba.

Bazazzagiya:

Na gode ƙwarai Yaya Ɗan Fagge, wannan lissafi na 78 ya sa na yi shiru a gaban kwamfuta. Da shi zan fara gobe in sha Allahu.

Baba Tsohon Malami, Allah ya ƙara girma. Muna da hotunan ilektiron ɗin ma, kuma ba a kai su kyau ba. Matsalar ita ce faranti shida ƙwayoyi shida ne daban. A cikin faranti ɗaya ma, ƙwayar A6 da ke nan gasunta cunkus, maƙwabciyarta kuma kusan sanƙo. In na ga bambanci tsakanin hoton minti 10 da na minti 60, ta yaya zan rantse cewa aldosteron ne ba bambancin ƙwaya da ƙwaya ba? Sai na ƙirga ɗaruruwa kafin in ce uffan. Da SICM kuwa ƙwaya ɗaya zan zauna a kanta, in gan ta kafin a zuba, in gan ta bayan an zuba. Sannan busarwar da ake yi da barasa kafin a shafa zinariya tana sa ƙwaya ta tsuke, ni kuma tsayin gashin nake son aunawa.

STED kuma sai an sa rini mai ƙyalli, kuma abin da aka rina shi za a gani, ba siffar saman ba. Hasken leza mai ƙarfi na tsawon awa biyu a kan ƙwaya ɗaya, ba na jin za ta yafe mini.

Abin da ya rage mini shi ne batun lokaci da toshewa. Ko da na rage ɗigo, yaya zan yi da jayewar nan?

Ɗan Fagge:

Ranka ya daɗe Malam, akwai abu ɗaya da zan ƙara a kan amsarta. Nanomita 100 ɗin nan na kwance ne. A tsaye labarin daban yake: abin da ke ɗaga tsinin, wato fiyezo, yana motsi da ƙasa da nanomita ɗaya, kuma a kan ƙwaya mai rai ana samun tsayi da kuskuren da bai wuce nanomita 10 zuwa 20 ba in komai ya zauna. Madubin haske na yau da kullum a tsaye ya fi rauni, rabin maikuromita ne ko fiye. Mai auna tsayin gashi a nan ribarsa take. AFM, wata na'ura mai laluben saman abu da tsini, ita ma tana ba da tsayi, har ta fi kaifi a kan abu mai tauri, amma ita tsininta sai ya dafa abin, maikurobilai kuwa lanƙwashewa suke yi.

Ƙanwata, jayewar ba laifin na'ura ba ce, gasun ne ke motsi. Julia Gorelik da su Korchev sun nuna a 2003, da wannan na'urar kuma har da ƙwayoyin A6 irin naki, cewa maikurobilai ba a tsaye suke ba: gashi yakan tsiro da sauri, ya ɗan zauna, ya koma a hankali, duk cikin 'yan mintoci. Hoton da ya ci minti 22, layin farko da na ƙarshe ba zamani ɗaya suka gani ba. Gashin da aka fara aunawa a layi na 100 ya riga ya gusa kafin a zo layi na 103.

Ki duba inda lokacin ke tafiya. Ɗigo 256 sau 256 shi ne 65,536. In tsallenki maikuromita 2 ne, tsinin kuma yana sauka da nanomita 100 a kowace milisakan, saukar kaɗai milisakan 20 ce. Ninka, ki samu daƙiƙa 1,310, ga minti 22 ɗinki. Da 128 sau 128, ɗigo 16,384 ne, ya dawo minti 5 da rabi. Saman A6 shimfiɗaɗɗe ne in kin kauce wa iyakar da ke tsakanin ƙwayoyi, gasun kuma ba su kai maikuromita 1 ba, don haka tsallen nanomita 600 zuwa 800 ya isa. Kin dawo wajen minti 2. Kuma da yake tsinke mai faɗi yana jin fata tun daga nesa, kina iya ƙara saurin sauka ba tare da ya wuce wuri ya soki ƙwayar ba. Ƙaramin baki ba ya ba ki wannan damar, sai ya zo dab kafin ya ji, dole ki sauko da shi a hankali. Ta ko'ina dai shi ne ke cin lokacin.

In manhajarku tana da tsarin da ke fara leƙa kusurwoyi huɗu na kowane ɗan murabba'i kafin ta yanke yawan ɗigon da za ta sa a ciki, ki kunna shi. Wuri mai santsi ta wuce da sauri, mai gargada ta tsaya.

Toshewa kuma, yawanci abu uku ne. Na farko ruwan jinin ɗan maraƙi da ake sa wa abincin ƙwayoyi: furotin ɗinsa yana manne wa gilashi. Ki wanke ƙwayoyin sau biyu ko uku, ki ɗauki hoton a ruwan gishiri mai sinadarin HEPES ko ruwan abincin ƙwayoyi na L-15 marar ruwan jini, ki tuna ki daidaita yawan gishirinsa da na jikin kwaɗo, don nasu bai kai na dabbobi masu shayarwa ba. Na biyu tacewa. Matatar maikuromita 0.22 da kowa ke amfani da ita tana barin abin da ya ninka ramin tsinkenki sau goma ya wuce. Akwai matata mai nanomita 20, ki tace abin da za ki zuba a cikin tsinke da ita. Na uku matattun ƙwayoyi da ke yawo a ruwa, su kam sai wanki.

Ki kuma lura, ba duk raguwar lantarki ba ce toshewa. In a hankali take tafiya cikin awa guda, duba wayar azurfar. In ta yi fari ta koma ƙyalli, kuloraid ɗin ya cinye, ki tsoma ta a bilic na minti 15 zuwa 20 har ta yi duhu, ki ɗauraye. In kuma lantarkin ƙaruwa yake yi a hankali, ruwan farantin ne ke ƙafewa gishiri na yin yawa. In ya yi tsalle sama lokaci ɗaya, tsinin ya karye, ki cire kawai.

Kumfa: ki sayi bututu mai ɗan zaren gilashi a ciki, ki ɗiga ruwa ta baya, ki jingine shi tsini ƙasa na 'yan mintoci ya ja da kansa kafin ki cika sauran. Kuma tsinken da aka ja yau a yi aiki da shi yau, a rufe shi kada ƙura ta hau.

Uwar Biyu:

Salamu alaikum. Ni ƙwayoyin tsokar zuciya nake aiki da su a Jamus, kuma zan goyi bayan Ɗan Fagge ta wata fuskar da za ta ba shugabanki mamaki: mu da gangan muke fasa bakin tsinke don ya ƙara faɗi.

Ƙwayar zuciya ta babban ɓera tana da wasu ramuka a fatarta, bututun T, a jere cikin layuka, tsakanin layi da layi kusan maikuromita 2. Ta cikinsu saƙon lantarki ke shiga can tsakiyar ƙwaya ya sa a saki kalsiyam. A madubin haske ba za ki iya ɗora tsinke a bakin rami ɗaya ki ce tabbas nan na sa ba. Da SICM sai mu fara zana taswirar wurin da tsini mai rami kamar nanomita 100, mu ga ramukan da tudun da ke tsakaninsu. Daga nan mu matsar da tsinin gefe inda babu ƙwaya, mu sa fiyezo ya buga shi a gindin faranti a hankali har ƙarshen ya ɗan gutsure, muna kallon turjiya tana sauka. Tunda a tsaye yake, tsakiyarsa ba ta gusa ba. Sai mu koma daidai ramin da muka zaɓa a taswira, mu sauke, mu ɗan tsotsa, fatar ta manne da gilashi, mu saurari ƙofofin kalsiyam ɗaya-ɗaya suna buɗewa suna rufewa. Dabarar mannewar ta Erwin Neher da Bert Sakmann ce, wadda ta ba su Nobel a 1991. Abin da SICM ta ƙara shi ne sanin takamaiman inda aka manna. Da ƙaramin baki, fatar da za ki kama ba ta da faɗin da za a dace da ƙofa a ciki, sai ki wuni kina mannawa ba ki ji komai ba.

Aikin da ya ja ni cikin fannin nan shi ne na Viacheslav Nikolaev da Gorelik da ya fito a Science a 2010. Sun yi amfani da tsinken wajen fesa magani a wuri ɗaya tak, ko cikin ramin T ko a kan tudu, suna auna sinadarin isar da saƙo na cAMP a cikin ƙwayar da haske. Suka gano cewa a lafiyayyar zuciya masu karɓar saƙo na beta-2 a cikin ramukan suke aiki, amma a zuciyar da ta gaza sai su bazu zuwa kan tudu, saƙon nasu ma ya bazu ko'ina cikin ƙwayar. Baba Tsohon Malami, wannan kam ba a samo shi daga ƙwayar da aka busar. Tsinken hannu ne, ba ido kaɗai ba.

Ke ma Bazazzagiya, tunda aldosteron ƙofofin sodiyam na ENaC yake ƙarawa, wata rana za a tambaye ki ko a kan gasun suke ko a tsakaninsu. Ki saba da borosiliket tun yanzu, shi aka fi yin mannewar da shi.

Ba na cewa kwaz ba shi da rana. Andrew Shevchuk ya ja shi har rami ya kai wajen nanomita 13 a 2006, ya ga furotin ɗaya-ɗaya. Amma a ɗan mitsitsin fili ya yi, a kan abin da ba ya yawo.

Likitan Karkara:

Ku gafarce ni, ni ba ɗan wannan fanni ba ne, yara nake dubawa, rabin masu zuwa wurina zazzaɓin cizon sauro ne, ga masu sikila. Ina karanta ku ne ina tunanin jan ƙwayar jini. An koya mana cewa falsifarum mai kawo zazzaɓin yana sa ƙwayar da ya shiga ta fito da 'yan ƙuraje a fatarta, da su take manne wa jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa. Wannan tsinke naku zai iya ganinsu a raye? Kuma zai iya bambanta taurin ƙwayar mai sikila da ta lafiyayye?

Ɗan Fagge:

Likita, barka da ƙoƙari. Ƙurajen nan faɗinsu bai wuce nanomita 100 ba, tudunsu kuma gajere ne sosai, ya gaza faɗin nesa ba kusa ba. Furotin KAHRP ne ke gina su daga ciki, PfEMP1 kuma ya zauna a kansu yana kama bangon jijiya. To ka ga a nan ne ƙaramin bakin da na hana ƙanwata zai yi amfani: abu ne ƙanƙane, ba ya tsirowa ya koma cikin mintoci, kuma fili na maikuromita 1 ko 2 ya isa tunda duk ƙwayar ba ta wuce 8 ba. Wahalar ita ce jan ƙwayar jini ba ta manne wa faranti, sai an shafa wa gilashin wani abu kamar foli-laisin ya riƙe ta, shi kuma in ya yi yawa yana sauya mata siffa.

Tauri kuwa ana aunawa. Ana tura ɗan matsin iska ta bayan tsinke, kilofaskal kaɗan, ruwa ya riƙa fita ta baki yana danna fatar. Fata mai laushi tana lotsawa, sai raguwar lantarkin ta zo a hankali yayin da tsinin ke sauka, mai tauri kuma ta zo da sauri. Daga wannan bambancin ake fitar da taswirar tauri ɗigo bayan ɗigo. Ga sikila sai an haɗa da akwatin da za a rage iskar oksijin a ciki, tunda haemogulobin S na masu sikila sai ya saki oksijin yake harhaɗewa ya sanƙarar da ƙwayar.

Amma kada ka sa ran ganinta a asibiti. Ƙwaya ɗaya take bi cikin mintoci, tana son tebur mai hana girgiza da kejin ƙarfe mai tare hayaniyar lantarki, ga wuta da ba ta ɗaukewa. Don gano cuta, digon jini da rinin Giemsa a madubin haske sun fi ta sau dubu.

Bazazzagiya:

Na kai wa shugaban namu lissafin a takarda. Bai ce na yi daidai ba, ya dai ce in kawo hotuna biyu na ƙwaya ɗaya, ɗaya da kwaz ɗaya da borosiliket, fili ɗaya, ya gani da idonsa. Na borosiliket ya fito cikin minti 2 da 'yan daƙiƙoƙi, turjiya mega-om 150, fili maikuromita 6, kuma ana ƙirga gasun. Na kwaz yana jiran matatar nanomita 20 da muka yi oda.

Anti Uwar Biyu, in ba damuwa ki turo mini yadda kuke saita bugun da ke gutsure tsinin, nisan da kuke ƙara wa fiyezo da saurin saukar, da kuma turjiyar da kuke tsayawa a kai kafin ku manna.